Kawu Mai Tubalin Kabari

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Kawu ya riga mu gidan gaskiya a tsakiyar daminar nan da ta wuce, a Argungu, garin da aka binne cibiyarsa.

Na zauna makokinsa tun daga ranar farko har aka naɗe tabarmi, na kuwa ji abin da mutane suka faɗa. Wani tsohon magini da suka yi aiki tare tun suna samari ya kasa yin gaisuwar ma, sai ya dafa bangon zaure yana shafawa, ya ce, "Wanga tubali hannunshi ne." Masu haƙar kabari sun zo tare, suka zauna can gefe suna tambayar juna wa zai riƙa ba su abin rufi yanzu. Wani kafinta Kirista, mutumin tsakiyar ƙasar nan da ya daɗe a Birnin Kebbi, ya shigo motar haya da matarsa ya zo. Ya ba mu labarin shekarar da ruwa ya kwantar masa da ɗaki yana baƙo, bai san kowa ba, ya tashi da safe ya tarar da jakuna suna sauke tubali a ƙofarsa. Ya ce har ya tafi, Kawu bai bari ya gama godiya ba.

Amma da zarar hira ta kai ga ranar jana'iza, sai kowa ya rage murya. Dalili kuwa, Kawu ɗa ɗaya gare shi namiji, sun yi shekaru ba sa magana, kuma ya taɓa faɗa a gaban jama'a cewa kada hannun ɗan nan ya taɓa kabarinsa. Ranar da ya rasu, har aka gama haƙa ba mu san ko za a bi wannan magana ko ba za a bi ba. Tun da Allah ya sa hannuna ya fara sabawa da alƙalami a ajin manya, na ga gara in rubuta abin da idona ya gani kafin masu ba da labari su ƙara masa gishiri, don kuma jikoki su san wane ne kakansu.

Kawu yayan mahaifiyata ne. A hannunsa na tashi tare da ɗan nasa, taubashina, wanda nake kira Bahago saboda da hagu yake komai, shi kuma ba ya kirana sai da ɗan mace. Muna zaune ne a bakin Birnin Kebbi ta wajen hanyar Zauro, inda tudu ke gangarawa fadama. Sana'ar Kawu tubali. Ba ya gini. Shi dai ya yi tubalinsa, magina su zo su ɗauka.

Ba ko'ina yake haƙa ba. Lakar fadama zalla tsagewa take yi in ta bushe, jar ƙasar tudu zalla kuma marmashewa take yi, don haka sai ya haɗa su. Yakan ɗebi ƙasa ya murza a tafin hannu, wani lokaci ya kai ta harshe. In ya tofar ya yi gaba, mu ma sai mu saɓi diga mu bi shi. In an haƙa an tara, a buɗe tsakiyar tulin a zuba ruwa, a watsa yankakken karan shinkafa, mu shiga da ƙafa mu yi ta tattakawa har cinyoyinmu su mutu. Daga nan a rufe da ciyawa a bar ta ta tsima. Kowace safiya a buɗe, a yayyafa ruwa, a sake tattakawa, a mayar da rufi. Ba ya ƙirga mata kwanaki, hanci yake kai mata. Sai ta fara wani wari kamar na jiƙaƙƙiyar dusa, sannan ya ce, "Yanzu ta yarda." Kafin ta yarda kuwa, ko wane ne ke jiran tubali sai dai ya jira.

Da hannu muke dunƙula tubalin gini, gindi da faɗi, kai a tsuke. Mu fara shanya shi a inuwa, sai ya yi ƙwari mu fitar da shi rana. Kawu yana da doka ɗaya: kowa ya danna tafin hannunsa a kan wanda ya yi tun yana ɗanye. Ya ce don in ya fashe ya san kunnen wa zai ja. In sun bushe sai ya bi layi yana dukan su da diddige. Wanda ya yi ƙarar da bai gamsu da ita ba, ya mayar da shi kududdufi, ko kallon mai shi ba ya yi. Ban taɓa jin ya yabi aikin wani ba. Yabonsa shi ne ya wuce bai tsaya ba.

Akwai wani tubali kuma da ba na sayarwa ba ne. A wajenmu, in an kwantar da mamaci a ƙaramin rami, da dogon tubali mai faɗi ake rufe bakin ramin kafin a tura ƙasa, don kada ta zubo masa. Malamai sun ce ɗanye ake so, wanda wuta ba ta taɓa ba. Da rani samunsa ba wuya. Da damina kuwa babu ranar shanya. Saboda haka kowace bazara, kafin ruwan fari, Kawu yakan ware ƙasar da ta fi kyau, ya ninka mata karan shinkafa, ya bar ta ta tsima fiye da ta gini, ya zuba ta a wani dogon akwatin katako da kafintan nan ya yi masa. In sun bushe ya jera su a wata bukka a kan duwatsu, ya barbaɗa toka saboda gara. Duk wanda ya rasu a unguwa da damina, ko da saninsa ko babu, a zo a ɗiba. Na taɓa tambayarsa me ya sa yake wahalar da mu a kan na matattu fiye da na masu rai. Ya ce, "Mai rai in ɗakinshi ya zuba, shina iya gudu gidan maƙwabci. Wancan fa, ina za shi?"

Da gine-ginen gwamnati suka yawaita a Birnin Kebbi, 'yan kwangila daga Sakkwato suka daina kallon tubalinmu. Ko dai bulon siminti ko jan bulo. Bahago ya tafi wajen wasu masu gasa bulo ya koyo, ya dawo ya kafa nasa a gefen kududdufin Kawu. Yakan buga bulo a akwati mai kusurwa huɗu, ya jera su tsibi guda ya bar kafofi a ƙasa, ya yaɓe jikin tsibin da laka, ya cusa itace da buntun shinkafa ya kunna. Wuta ta yi kwanaki tana ci. Kawu bai hana shi ba. Ya dai juya tabarmarsa ya ba hayaƙin baya, ya ce masa, "Gasa abinka, amma ka bari shi bushe tukuna." Ni kuwa ina tsokanarsa cewa ya bar sana'ar maza ya koma toya waina, shi kuma ya ce ɗan mace ai ba a shawara da shi, kashin jaki kawai ya iya dunƙulawa.

Wata bazara Kawu ya haɗa tulin ƙasar kabari, ya rufe, ya tafi Argungu gaisuwar wani ɗan'uwa. Ni ina Zauro ina gyaran fadamar shinkafa. Wani ɗan kwangila ya matsa wa Bahago, ƙasarsa kuma ba ta tsima ba, ga ta mahaifinsa nan ta yi laushi. Ya ce a ransa zai haɗa wata ya mayar kafin Baba ya dawo. Ya kwashe ta kaf, ya buga, ya gasa. A makon nan ruwa ya sauko da wuri, irin wanda ba ya ɗagawa. Kududdufi ya cika, fadama ta shafe. Bulon ma bai yi ba, domin karan da ke ciki ya ƙone, ya fito duk ramuka kamar gidan zuma.

Kawu ya dawo ya tsaya a kan shacin inda tulin yake. Ya daɗe a tsaye. Da ya yi faɗa ma da ya fi mana sauƙi.

A tsakiyar wannan daminar mahaifiyata ta rasu. Mutumin da ya rufe baƙi da 'yan gari shekara da shekaru, ranar ƙanwarsa bukkarsa babu komai. Aka sari rassan dogon yaro aka jera, aka ɗora fasassun tukwane. Da aka fara tura jiƙaƙƙiyar ƙasa, reshe ɗaya ya lanƙwasa, ƙasa ta fara zurara ciki. Sai da aka tsaya aka kwashe aka sake. Kawu yana tsaye yana kallo. A bakin maƙabarta Bahago ya zo ya durƙusa a gabansa. Kawu bai dube shi ba, jama'a ya duba, ya ce, "Ku shaida. Wanga hannu da ya ɗauki ƙasar matattu ya kai wuta, kada shi taɓa kabarina." Ƙaninsa, wanda muke kira Kawu Ƙarami, yana wurin, kuma shi mutum ne da ba ya mance magana.

Da bazara ta zagayo, Bahago ya bar wurin gashinsa ya huce. Shi kaɗai, ba lebura ko ɗaya, ya haƙa, ya tattaka, ya jira ƙasa ta yarda, ya yi tubalin kabari yadda aka koya mana, ya kawo ya jera a ƙofar mahaifinsa. Kawu ya fito za shi masallaci, ya dube su, ya ce, "Wa ya tare min hanya da shara?" Ya kewaye ya wuce. Bahago ya zauna har rana ta take, sannan ya tashi. Washegari babu tubali a ƙofar, aka ce Kawu ya sa an zuba su a kududdufi. Haka Bahago ya ɗauka, haka ni ma na ɗauka. Na sha zama gaban Kawu ina roƙo, ina ce masa ni da aka yi wa na haƙura. Sai ya bari in gama, ya tambaye ni yadda shinkafa ta yi a Zauro.

Ba a daɗe ba ya ce zai koma gidan gado a Argungu. Ni na taya shi lodi. Cikin kayan akwai wasu ɗaurarru masu nauyi a naɗe cikin tsofaffin tabarmi, garin ƙasa na zubowa daga ciki. Direban motar ya yi dariya ya ce, "Baba, ƙasa ta ƙare Argungu ne?" Kawu ya ce masa ya ɗauka a hankali, ba nashi ba ne. Na zaci ragowar aikinsa ne ya kasa rabuwa da shi. A can ma ya ci gaba da yin na kabari kowace shekara, har ƙafafu suka ƙi. Bazarar ƙarshe kafin rasuwarsa a kwance ya yi ta, ba a yi ko ɗaya ba.

Da hantsi wani direba ya kawo mini labarin rasuwar. Na tafi wurin gashi na sami Bahago yana yaɓe tsibi. Da ya ga fuskata ya sauko. Na faɗa masa. Ya goge hannu a riga ya yi ta gogewa, sannan ya ce, "An ce in zo?"

Na ce, "Ba a ce ba. Ba a kuma ce kada ka zo ba."

Muka hau babur ɗinsa. Muna wuce Ambursa na ga hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Mun tarar an yi wanka an yi sutura. Kawu Ƙarami yana zaune a bakin ƙofar zaure, ya miƙe ƙafa ya tare ta. Ni ya janye mini na wuce. Da Bahago ya zo sai ƙafar ta koma. Ya ce masa salla ta kowa ce, ba mai hana shi, amma makara da kabari ya tsaya nesa, don shi yana wurin da aka yi magana kuma kunnensa bai toshe ba. Bahago ya tsuguna a waje jikin bango. Mutane suka yi ta kallon ƙasa.

Ana cikin haka masu haƙa suka dawo, laka har gwiwa, suka ce rami ya yi amma bukkar tubali babu komai, ragowar na bara an ƙarar tun farkon damina. Abin da ya faru da mahaifiyata shi ne zai faru da shi. Bahago ya ɗago kai ya ce akwai wani gini a nan cikin Argungu da ya kai wa jan bulo, yana iya karɓowa yanzu. Liman ya ce masa a hankali, ba a ɗora wa mamaci abin da wuta ta taɓa. Kawu Ƙarami ya ce, "Ka ƙone na 'yar'uwarmu, shi ma wutar za ka kawo mai?" Wasu suka ɗauki adda suka nufi dogon yaro. Iska ta fara ɗaga gefen tabarmi, aka ji tsawa daga nesa. In ruwa ya riga mu, ramin zai cika.

Sai aka ce matar Kawu tana kirana. Inna muke ce mata. Na same ta a ƙofar ɗakinsa, ta rufe fuska da mayafi. Ta ce, "Shiga ka ɗaga gadonshi." Na ɗaga gadon kara. A ƙarƙashi, a kan duwatsu, cikin toka, ga ɗaurarrun nan na tabarmi. Na gane igiyar, domin ni na ɗaure ta a mota.

Muka fito da su zaure muka kwance. Dogayen tubala ne, busassu ƙayau, ko ɗaya bai tsage ba. Tsohon maginin nan ya sunkuya ya ɗora hannun dama a kan shaidar tafin da ke jikin na sama. Bai zauna ba, babban yatsa yana can ɗaya gefen. Ya canza ya sa hagu, ya zauna daidai. Ya ɗaga kai ya dubi ƙofa, inda Bahago yake leƙowa ta saman ƙafar Kawu Ƙarami.

Inna ta yi magana daga bayan zana, da muryar da kowa ya ji. Ta ce tun ranar da aka kawo su, da mutane suka watse shi da kansa ya shigo da su ɗaya bayan ɗaya, ya bi su da diddige, bai mayar da ko ɗaya ba. Ta ce, "Ya ce min, bakina ya riga ya hwaɗa gaban mutane, ba ni iya maido shi. Amma in na mutu, da waɗanga za a rufe ni."

Kawu Ƙarami ya ce tubali daban, shiga kabari daban. Abin da aka faɗa a gaban jama'a ba a janye shi a ƙarƙashin gado. Liman ya juyo wajena ya ce mahaifiyata ce aka yi wa, me na ce. Na ce ni na daɗe da yafewa, ita kuma duk wanda ya san ta ya san ba ta riƙo. Sai Liman ya ce, "Ya ce kada hannun ya taɓa kabarinshi. Sai kuma ya yi shekaru shina kwana bisa hannun, ya ce da shi za a rufe shi. Maganar ƙarshe ita aka bi ma mamaci."

Kawu Ƙarami bai ce ya yarda ba. Ya zauna yana kallon tubalin, muna kallonsa, sama tana ƙara duhu. Can sai ya tashi, ya ɗauki guda ɗaya ya ɗora a ka, ya fita. Ƙofa ta buɗe. Bahago bai shigo ba, ya bi makara daga baya.

Bayan salla, muna isa maƙabarta aka fara yayyafi. Muka lulluɓe tubalan da tabarmi. Ni da Kawu Ƙarami muka shiga muka kwantar da shi, muka fuskantar da shi gabas. Saura rufi. Na miƙa hannu a ba ni na farko, sai na ga Kawu Ƙarami ya dafa bakin kabari ya fito. Ya kakkaɓe gwiwa, bai dubi kowa ba, ya ce, "Wanda ya san yadda anka yi su, shi shiga."

Bahago ya cire takalmi ya sauko kusa da ni. Aka miƙo tubali, na riƙe masa gefe ɗaya. A koyarwar Kawu, shaidar tafi waje ake barin ta, a sama, don a ga aikin wane ne. Bahago ya san wannan sarai. Ya riƙe na farko yana kallonsa, sannan ya kifa shi, tafin ya fuskanci ciki, wajen mahaifinsa. Haka ya yi da na biyu, haka har na ƙarshe. Tsohon maginin yana gani, Liman yana gani, ba wanda ya gyara masa. Muka toshe tsakaninsu da laka. Da aka tura ƙasa na kasa kunne, ban ji ko ƙwaya ta zurara ba. Ana daidaita tudun kabari ruwa ya tsinke.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa zafin ransa kamar yadda ya rufa wa bayinSa asiri da ƙasa da gumi. Allah ya haɗa shi da ƙanwarsa a inda ba a rabuwa, ya ba Inna haƙuri, ya sa in tamu ta zo mu cika da imani.

A hanyar dawowa daga maƙabarta, ruwa na dukanmu, na ji an dafa ni da hannun hagu. Ya ce, "Ɗan mace, in bazara ta zo kana da tattaka." Na ce masa na ji, amma shi zai riƙa kai wa ƙasar hanci, kuma sai ta yarda.